Dobson, C8 Ko Maksutov: Wace Na'urar Hangen Nesa Ta Dace Da Mai Son Hoton Mushtari Da Watanninta?

Duk wanda ya taɓa manna wayarsa a bakin na'urar hangen nesa don ya ɗauki duniyar Mushtari, wato Jupiter, ya san abin da ke fitowa: wani farin dunƙule mai ƙyalli kamar ƙwan fitila, da ɗige-ɗige huɗu a jere kusa da shi. Ɗige-ɗigen nan su ne watanni huɗun da Galileo ya hango a Janairun 1610, wato Ayo, Yuropa, Ganimid da Kalisto, kuma daren da mutum ya fara ganinsu a allon wayarsa barci ba ya zuwa da wuri. Sai dai ba a daɗewa kwaɗayi ke biyo baya. Rai ya fara son ganin ɗamara biyu masu ruwan ƙasa da suka ratsa jikin Mushtari, da babban jan tabon nan da faɗinsa ya kai kusan na duniyarmu, da baƙar inuwar Ayo tana tafiya a kan gajimare. A nan ake fara tambayar abin da za a saya. Tambaya ce mai nauyi, domin kaya ne da ake biya da dala, a yi dakonsu daga ƙetare, in kuma an yi kuskure babu shagon da za a mayar.

Na'urori uku ne ke gaban mai matsakaicin ƙarfi: Dobson mai baki milimita 200, wato inci 8, Schmidt-Cassegrain mai inci 8, wadda aka fi sani da C8, sai ƙaramar Maksutov mai milimita 127. Akwai ta huɗu da tallarta ya cika intanet, ita zan fara sallama.

Kafin a kai ga ƙarfe da gilashi, sai maharbi ya san girman abin da yake farauta. Masana taurari suna raba digiri ɗaya gida 3,600, kowane kashi a kira shi sakan na kusurwa. Watan daren sha huɗu faɗinsa wajen sakan 1,800 ne. Mushtari, a lokacin da ta fi kusa da mu, tana tsakanin 45 da 50, wato sai ka jera irinta kusan arba'in kafin su cike faɗin wata. Jikin Zuhal, wato Saturn, wajen 19 ne, in an haɗa da zobenta ya ɗan haura 40. Ganimid kuwa, duk da faɗinsa na kilomita 5,268 da ya sa ya fi duniyar Uɗaridu, wato Mercury, girma, a idonmu sakan 1.7 ne kacal. Abin da ke ba na'ura ikon rarrabe irin waɗannan ƙananan abubuwa shi ne faɗin bakinta. Akwai tsohon lissafi mai sauƙi da ake kira ƙa'idar Dawes: ka raba 116 da faɗin bakin a milimita, amsar ita ce mafi ƙanƙantar tazarar da na'urar za ta iya bambancewa. Mai baki 200 tana ba da kusan 0.6, mai 127 tana ba da 0.9, mai 50 kuma 2.3. Rubutun "sau 600" da ake yi da manyan baƙaƙe a jikin kwalin na'urori masu araha ba ya canza komai a wannan lissafi.

Shi ya sa Seestar S50, wadda kamfanin ZWO na ƙasar Sin ya fitar a 2023, ba ta cikin wannan gasa. Kyakkyawar na'ura ce ga aikin da aka yi ta dominsa: ka ajiye ta, ka danna waya, ta nemo maka Kaza da 'Ya'yanta ko gajimaren hasken da ke cikin taurarin Oriyon ta ɗauko. Amma bakinta milimita 50 ne, nisan da take tattara haske milimita 250, don haka kowane ɗigon hotonta yana cin sakan 2.4 na sama. Mushtari gaba ɗayanta wajen ɗigo ashirin ce kawai a ciki, Ganimid ko ɗigo ɗaya bai kai ba. Wanda duniyoyi ne burinsa ya saye ta zai yi cizon yatsa.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne, duniyoyi bidiyo ake yi musu. Iskar da ke samanmu ba ta tsayawa cik. Tana rawa irin ta kawalwalniya a kan kwalta da tsakar rana, ta dagula hoton, ta sake shi na ƙiftawar ido, ta sake dagulawa. Dabarar ita ce a ɗauki hotuna ɗari ko fiye a kowace daƙiƙa, a tara dubbai, sannan manhaja irin AutoStakkert ta tsince waɗanda suka dace da natsuwar iska, ta ɗora su a kan juna, a ƙarasa fito da zane-zanen da RegiStax ko AstroSurface. Amma Mushtari ba ta jira. Cikin ƙasa da awa goma take juyawa sau ɗaya a kan kanta, saboda haka bidiyon da ya wuce minti biyu zuwa uku a na'ura mai inci 8 sai zanen jikinta ya fara shafewa. Ke nan duk gardamar ta koma kan abu guda: wace na'ura ce za ta ba ka baki mai faɗi, kuma ta riƙe maka duniyar a tsakiyar allo na tsawon minti biyun nan?

Dobson: baki mai faɗi, hannu mai aiki

Dobson bututu ne buɗaɗɗe mai madubi a gindi, irin ƙirar da Isaac Newton ya yi a 1668, an ɗora shi a kan akwatin katako mai juyawa hagu da dama, sama da ƙasa. John Dobson ne ya yaɗa wannan mazauni a titunan San Francisco tun shekarun 1960, da nufin marar ƙarfi ma ya mallaki babban madubi. Har yau manufar ba ta tashi ba: babu wata hanya da ta fi ta arahar samun inci 8. Kusan duk kuɗinka a madubi yake tafiya. Ƙaramin madubin da ke tare tsakiyar bakinta bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin ba, don haka hotonta yana da kaifi, kuma in da ido za ka leƙa, ba na jin akwai abin da C8 za ta nuna maka wanda Dobson mai kyau ba za ta nuna ba.

Wahalar tana zuwa ne da zarar an cire gilashin leƙawa an sa kyamara. Juyawar duniyarmu tana sa sama ta gusa da kusan sakan 15 na kusurwa a kowace daƙiƙa ta agogo. Nisan tattara hasken Dobson mai inci 8 milimita 1,200 ne. Don Mushtari ta cika ido sai an ƙara gilashin Barlow mai ninka sau biyu da rabi, ya koma 3,000. A wannan nisa, kyamara mai ɗigo 1,920 a faɗi tana ganin wajen sakan 380 na sama. Ka raba da 15 ka gani: cikin daƙiƙa 25 Mushtari ta shigo ta wannan gefe ta fice ta wancan. Sai ka tura bututun da hannu ka tare gabanta, ka jira girgiza ta lafa, ka bar ta ta sake ratsawa, ka sake turawa. A minti biyu za ka samu ratsawa uku ko huɗu in hannunka ya saba. Daga baya manhajar PIPP za ta zubar da hotunan da babu komai a ciki, ta dawo da duniyar tsakiya, ta haɗe guntayen su zama bidiyo ɗaya.

Ana yi, kuma akwai masu fitar da hotuna na ban mamaki ta wannan hanya. Amma a faɗi gaskiya, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ba za ka iya rage faɗin allon kyamara don ta ƙara sauri ba, domin kana bukatar duk faɗin. Saita kaifin hoto, wanda shi ne rabin aikin, sai ka yi shi a kan abin da ke gudu. Ƙaramin madubin saiti da ke jikin bututun dole ya daidaita ƙwarai, in ba haka ba ka kwana kana lalube cikin duhu. Wanda bai da haƙuri zai gaji tun a mako na biyu. Akwai Dobson mai mota da ke bin tauraro da kanta, tana magance duk wannan, sai dai kuɗinta ya kama hanyar na C8, nauyinta kuma ya ƙaru.

Sai maganar dako. Bututun ya kai mita 1.2, in an haɗa da mazaunin nauyin ya haura kilo 20, kuma masu kawo kaya ta jirgin sama girman kwali suke lissafawa tare da nauyi. A nan akwai sauƙi guda da ba a cika ambata ba: mazaunin Dobson katako ne kawai, kafinta mai hankali zai iya yin wanda ya fi na kamfani ƙwari da filawud mai kauri, in ka ba shi awo. Wanda ya samu bututun kaɗai ya rage kaya mai yawa.

C8: gajeren bututu mai dogon gani

Kamfanin Celestron na Amurka ya fitar da C8 a 1970, kuma har yau ana ƙera ta. Bakinta milimita 203, amma hasken yana kai da komo a ciki tsakanin madubai biyu, shi ya sa bututun da bai kai rabin mita ba yake ba da nisan tattara haske na milimita 2,032. Nauyinsa bai kai kilo 6 ba, mutum zai rungume shi da hannu ɗaya. Gabansa a rufe yake da farantin gilashi. Yawanci ana sayar da ita a kan mazauni mai mota da kwamfuta, irin NexStar 8SE, kuma wannan motar ita ce ainihin abin da kake biya. Da zarar ka saita, Mushtari za ta zauna a allo kamar an kafa ta. Sai ka rage allon ya dawo ɗan murabba'in da ya ishe ta, saurin kyamara ya haura hoto 150 a daƙiƙa, ka zauna ka saita kaifi a natse, ka ɗauki bidiyo goma a jere, har ka haɗa su da manhajar WinJUPOS wadda ke warware juyawar duniyar.

Tana da nata aibin. Madubin tsakiya ya tare kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin baki, abin da ke ɗan rage bambanci tsakanin haske da duhu a zanen gajimare. In kana murɗa maɓallin kaifi hoton yakan goce gefe, domin babban madubin ne da kansa ke motsawa a ciki. Kuma ba ta yafe sakaci wajen daidaita madubai: kusoshi uku ne a gaba, in ɗaya ya goce da ɗan kaɗan, C8 za ta ba ka hoton da Maksutov mai inci 5 za ta fi shi. Da yawa cikin masu kukan na'urarsu ba ta da kyau, wannan ne ciwonsu. Uwa uba kuɗi: da mazauninta takan ninka farashin Dobson mai inci 8 sau biyu ko fiye.

Duk da haka ba banza ba yawancin gwanayen wannan fanni da yayyen C8 suke aiki. Christopher Go, daga gidansa a birnin Cebu na ƙasar Filifin, da mai inci 11 ya lura a Fabrairun 2006 cewa wani farin tabo a jikin Mushtari ya rikiɗe ya zama ja. Clyde Foster, a Centurion ta Afirka ta Kudu, da mai inci 14 ya hango wata sabuwar guguwa ranar 31 ga Mayun 2020, kwana biyu bayan haka kumbon Juno mai kewaya Mushtari ya ratsa ta kanta ya ɗauko ta, har ake kiran tabon da sunansa. Amma kada a ɗauka ƙirar Newton ta gaza: da irinta mai inci 14.5 Anthony Wesley na Ostireliya ya gano baƙin tabon da wani abu ya bari bayan ya faɗa wa Mushtari a Yulin 2009. Abin da ya haɗa su ukun shi ne babban baki da mazauni mai bin tauraro.

Samanmu ba irin na masu rubuta shawarwarin ba ne

Yawancin shawarwarin da ke yawo a intanet mutanen Turai da arewacin Amurka ne suka rubuta su, don samansu. Landan tana digiri 51.5 arewa da tsakiyar duniya, Kano tana 12, Sakkwato 13, Damagaram kusan 14, Jos wajen 10. Bambancin yana da girma fiye da yadda ake zato. A 2018, da Zuhal ta yi can kudu, mutumin Landan bai gan ta ta haura digiri 16 daga ƙasa ba, yana leƙenta ta cikin iska mai kauri ninki uku da rabi na ta tsakar ka. A 2018 ɗin nan a Kano tana kaiwa digiri 55. A wurinmu, kowace daga cikin Mirrihi, wato Mars, da Mushtari da Zuhal, in ta kai ƙololuwarta, ta haura rabin sama. Wannan kyauta ce daga Allah da ba a saye da kuɗi. Wata na'ura da suke dagewa sai an saya, ADC, mai gyara rabewar launi da iska ke haddasawa in duniya tana ƙasa-ƙasa, kai za ka iya jinkirta ta. Ka lura ma, Cebu ta Christopher Go digiri 10 take, sa'ar Jos.

Amma tsayin nan yana zuwa da nasa sharaɗi. Mazauni mai juya hagu-dama da sama-ƙasa, wato na Dobson da na NexStar duka, ba ya jin daɗin tsakar ka. Dobson in ta miƙe tsaye kamar turmi, tura ta ta bi tauraro yana da wuyar gaske, domin ƙaramin gusawa a sama yana bukatar babban juyi a gindi. C8 a kan mazauni mai hannu ɗaya kuwa, in ta ɗaga kai sosai, kyamara da Barlow da ke bayanta sukan doki gindin mazaunin. Sannan a irin wannan mazauni hoton da kansa yana juyawa a hankali kamar hannun agogo, kuma juyin ya fi tsanani kusa da tsakar ka. A daren 10 ga Janairun 2026, misali, Mushtari tana kaiwa digiri 80 a Kano, inda hoton ke juyawa da kusan digiri ɗaya da rabi a minti. Awa biyu kafin nan, tana digiri 60 ta gabas, juyin bai wuce kashi ɗaya cikin bakwai na hakan ba, kaurin iskar kuma bai ƙaru da abin a zo a gani ba. Don haka a nan kada ka jira ƙololuwa yadda littattafansu ke cewa. Ka ɗauka tana tsakanin digiri 55 da 70, ko tana hawa ko tana gangara.

Wani zai ce to a sayi mazaunin EQ mana, wanda ake karkatawa ya dubi tauraron arewa, ba shi da matsalar juyin hoto. Haka ne, kuma shi ne matakin gaba ga wanda ya yi nisa. Sai dai tauraron arewa tsayinsa daidai yake da digirin garinku: 12 a Kano, ƙasa da 7 a Kumasi. Katangar gida ko hazo sun isa su ɓoye shi. Kuma yawancin waɗannan mazaunai in an kwantar da su ƙasa haka, ƙarfen nauyinsu yakan bugi ƙafar mazaunin sai an ƙara masa wuya. Faifan da ake sa wa Dobson a ƙasa don ta bi tauraro shi ma don digirin wani gari ake yanka shi, akasari na Turai. Kada ka saya sai ka tabbatar ya sauko zuwa digirinmu.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ta daga hamada, musamman kwarin Bodele na arewacin Chadi, ta shiga ko'ina har cikin akwatin da aka kulle. A nan ne nake ganin rufaffen bututu ya yi wa buɗaɗɗe nisa. Madubin Dobson fuskarsa a waje take, shafen alminiyam ne siriri a kan gilashi. In ka goge shi da tsumma ka karce shi har abada, sai dai a ciro shi a wanke da tataccen ruwa, a mayar, a sake daidaitawa. 'Yar ƙura ba ta hana shi aiki, amma shekara biyu uku na hunturu ba 'yar ƙura ba ce. C8 da Maksutov madubansu a killace suke, gilashin gaba kawai ake hurewa a share. Da damina kuma lamarin ya juya: raɓa ta fi son gilashin gaban C8, sai an yi masa hular kwali ko ta roba, kuma kowace na'ura aka adana da laima a jiki fumfuna za ta ci ta. Hazo marar kauri ba ya hana ɗaukar duniyoyi, domin suna da haske, wani lokaci ma a irin wannan dare iska ta fi natsuwa. Ranar da rana ta koma farin faifai da tsakar rana ce ake haƙura.

Zafi ma abokin gaba ne. Daɓen siminti, rufin kwano da saman bene suna shan rana wuni guda, su kwana suna fitar da ita, kuma wannan hucin yana dagula hoto fiye da duk wani aibin gilashi. Ka kafa a kan ƙasa ko ciyawa in da hali, kada ka harba ta saman rufin maƙwabci ko inda janareta ke aiki. Ita kanta na'urar sai ta huce ta yi daidai da iskar waje. Ka fitar da ita bayan Magariba, ka fara aiki bayan Isha'i da awa ɗaya ko fiye. A nan Dobson ta fi sauri, musamman in an sa mata ɗan fanka a gindi. Rufaffen bututu yakan riƙe zafi ya daɗe, har wasu kan naɗe shi da irin ledar azurfar da ake tare gilashin mota da ita, don zafin cikin ya daina motsi.

Maksutov mai milimita 127 fa? Dmitri Maksutov ne ya ƙirƙiro ƙirar a 1941. Nisan haskenta milimita 1,500, nauyinta kilo uku da 'yan kai, da wuya ta bukaci daidaita madubai, kuma ƙaramin mazauni mai mota ya ishe ta. Ita ce ta ɗalibi, ta mai zama a ɗakin haya, ta wanda sai ya hau babur ya fita bayan gari. Za ta ba ka ɗamarar Mushtari, jan tabo, inuwar watanni, da tsagar Cassini a zoben Zuhal in zoben a buɗe yake. Iyakarta ita ce 0.9 ɗin nan, da hasken da take tarawa wanda bai kai rabin na inci 8 ba. A hotonta Mushtari ɗigo ɗari da 'yan kai ce, a na C8 ta haura ɗari biyu. Wanda ya kamu da son abin da gaske zai ji ta yi masa kaɗan cikin shekara ɗaya ko biyu.

Maganar kyamara ba ta da tsawo. Waya ta fara koyo ce, babbar kyamarar masu hoton biki kuma bidiyonta a matse yake, yana zubar da ainihin abin da ake nema. Ƙaramar kyamarar duniyoyi mai launi, irin ASI662MC ko tsohuwar ASI224MC, ta wadatar, tare da matatar da ke tare hasken da ido ba ya gani, in ba haka ba launi zai fito jaja-jaja. Ƙa'idar haɗa ta da na'ura: ka raba nisan haske da faɗin baki, amsar ta zama kusan ninki biyar na girman ɗigon kyamara. Ɗigo mai maikiron 2.9 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita) yana son amsar ta zama 15. Dobson 6 take, tana bukatar Barlow sau biyu da rabi. C8 10 take, sau ɗaya da rabi ya isa. Maksutov kusan 12 take, ko babu Barlow za ta yi. ASI678MC mai ɗigo maikiron 2 tana shiga C8 kai tsaye. Kwamfuta ta zama mai USB 3 da ma'ajiyar SSD, domin bidiyon minti biyu yana iya cin gigabait 5. Mazauni mai mota wutar bolt 12 yake sha, batirin sola ƙarami ya ishe shi dare guda, kuma kada ka dogara da wutar gari, in ta ɗauke saitinka ya tafi. In akwai yara a gidan, a rufe na'urar da rana: leƙen rana da ita sau ɗaya yana makantarwa.

Su kansu watannin, abu biyu ake nema a wurinsu, kuma ba da saiti ɗaya ake samunsu ba. In hoton iyali kake so, Mushtari da 'ya'yanta huɗu, sai ka cire Barlow, domin Kalisto yakan yi nisan sakan 600 daga uwar. A nan gajeren nisan Dobson ya zama alheri. In kuma so kake wata ya fito da siffar faifai, to sai inci 8: Ganimid yana cika ɗigo takwas ko tara, a daren da iska ta kwanta har a ga alamar duhu-duhu a jikinsa, alhali a Maksutov ɗigo huɗu ne. Ayo yana kewaya Mushtari cikin kwana 1.8, Yuropa 3.6, Ganimid 7.2, Kalisto 16.7, don haka inuwar Ayo ce za ka fi yawan kamawa, kuma manhajar Stellarium za ta gaya maka lokacin. Zuhal ta fi wuya. Taitan, babban watanta wanda Huygens ya gano a 1655, yana fitowa a dukkan na'urorin uku, amma Riya, Tetis da Dayon sun dushe ƙwarai, sai an yi musu ɗauka ta daban mai tsawo a haɗa da ta Zuhal, kuma adalci ne mai hoton ya faɗi cewa haɗawa ya yi. Ƙananan watannin Mirrihi biyu ka bar su tukuna. Zara kuwa, wadda Bahaushe ke kira matar wata, ba ta da wata nata ko ɗaya. Abin ɗauka a wurinta shi ne yadda take cika tana raguwa kamar jinjirin wata, kuma ko Maksutov ta ishe ta.

Ni dai in aka ce in zaɓa wa wanda hoto ne ainihin burinsa, kuma aljihunsa zai ɗauka, C8 mai mota zan ce, saboda minti biyun nan na natsuwa da kuma rufaffen bututu a ƙasar ƙura. In kuɗin ba su kai ba, kuma mutum yana da tsakar gida da haƙuri, yana kuma son leƙawa da ido shi da iyalinsa, ya ɗauki Dobson mai inci 8 ya sa ragowar a kyamara. Hotonsa mafi kyau zai fi na Maksutov, ko da yake zai sha wuya kafin ya samu. Maksutov ta wanda wuri ko dako ya matse ne. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne ya sayi bututun C8 kaɗai da niyyar ɗora shi a kan ƙafar kyamara kafin ya tara kuɗin mazauni. A nisan milimita 2,000 ko numfashinka sai ya girgiza hoton.

Akwai dalilin da zai sa a yanke shawara da wuri. Sau ɗaya a kusan shekara shida watannin Mushtari suke jeruwa daidai da mu har su riƙa shiga gaban juna suna jefa wa juna inuwa, kuma zagayen ya faɗo a 2026 zuwa 2027. A Fabrairun 2027 Mushtari da Mirrihi duka biyu suna kusantarmu, tsakaninsu wajen kwana tara, kuma dukansu suna ratsawa kusan ta tsakar ka a ƙasar Hausa. Mirrihi a wannan karo ƙarama ce, ba ta cika sakan 14 ba, nesa da 24 da ta kai a 2018, kuma a irin wannan girma ne tazarar inci 5 da inci 8 take fitowa fili: ɗaya ta nuna jan ɗigo mai farar hula, ɗaya ta nuna duhun filayen da ke jikinta. Zoben Zuhal da ya juya mana gefe a Maris na 2025 shi ma yana ƙara buɗewa kowace shekara har zuwa wajen 2032. Duk wadda ka saya, ka ba kanka wata biyu ko uku kana gwaji a kan ramukan watanmu, ka koyi daidaita madubai da saita kaifi a can inda haske ke da yawa, kafin ka juya bakin na'urar ga Mushtari.